Matambayi Ba Ya Ɓata: “Na ce injinmu yana danne mata, sai aka sa mini suna Ustaziya”

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali? Ni injiniyar kwamfuta ce, shekarata biyu da gama bautar ƙasa. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke ba masu ƙananan sana'o'i kaya bashi, irin su sukari, fulawa, man girki da sabulu, su juya su biya bayan mako biyu. Mu takwas ne a sashen da ke gina manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda za ta riƙa zaɓen wanda za a ba kaya da wanda za a hana. Ni kaɗai ce mace, kuma ni ce ƙarama.

Da nake gwada injin, sai na lura yana yawan watsar da mata masu sana'a a cikin gida. Na bi diddigi, na tarar abin da ya fi dogara da shi shi ne yawan alat da ke shiga asusun mutum da daɗewar layin wayarsa. To Kawu, ka san matan nan: kuɗinsu a hannu yake yawo, sai adashe, layin ma sau da yawa da sunan miji ko ɗa aka yi rajistarsa. Ga shi kuma oga yana so manhajar ta riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar mai neman kaya, wai saboda ranar da zai ƙi biya.

Na yi magana a taro, na ce wannan ba adalci ba ne, akwai haƙƙin mutane. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce “Ustaziya ta fara wa'azi,” sunan kuwa ya bi ni. Oga ya ce inji ba ya son kai, lissafi kawai yake yi, kuma saura wata ɗaya mu nuna wa masu zuba jari aikin. Tun ranar ban ƙara buɗe baki ba. Shin in ajiye aikin ne, ko in ja bakina in yi shiru? Ni ke biya wa ƙannena biyu kuɗin makaranta.

Wata 'yarka daga Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka bisa ɗawainiyar ƙannenki. Aikin kada ki ajiye shi yanzu, bakin kuma kada ki rufe shi. Amma bari in fara gaya miki abin da ya sa wasiƙarki ta tsaya mini a rai.

A farkon shekarun 2000, ina sabon ɗauka a sashen kwamfuta na wani banki, aka ba mu aikin haɗa sunayen 'yan fansho da asusunsu. Manhajar da muka rubuta harafi da harafi take kwatanta suna. A wurinta Mu'azu mai 'yar alamar nan ta sama daban, Muazu marar ita daban. Muhammadu da Mohammed kuwa ko dangi ba su haɗa ba. Na ga matsalar tun muna gwaji. Sai dai shugaban sashenmu mutum ne wanda in yana magana ko tari ba a yi, ni kuwa watana biyar kacal a wurin, sai na ce a raina ai manya sun fi ni sani. Da aka fara aiki da ita, wata uku cur tsofaffi suna zuwa su zauna a ƙasa a harabar bankin, kowa da takardunsa a leda, ana ce musu sunansu bai fito ba. Akwai wani tsohon malamin firamare da ke zuwa da 'yar jikarsa tana ja masa sanda. Har yau ban manta fuskarsa ba. Gyaran da aka yi daga baya ko yini guda bai ci mana ba. Ranar da aka gano, shugaban ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?” Na sunkuyar da kai. Ke kin fi ni, kin faɗa.

Maganar ogan naki cewa inji ba ya son kai, rabin gaskiya ce. Inji ba shi da zuciyar da zai ƙi mace da ita, amma abin da aka ɗura masa shi yake amayarwa. A 2014 kamfanin Amazon ya fara gina manhajar tace takardun masu neman aiki, ya horar da ita da takardun da aka aiko masa cikin shekara goma. Da yake galibin masu aikowar maza ne, sai ta koyi rage wa takarda maki in kalmar “mata” ta fito a ciki. Babu injiniyan da ya zauna ya rubuta a ƙi mata. Ƙarshenta watsi aka yi da ita, labarin ya fito duniya a 2018.

Wanda ya fi kama da naku shi ne na asibitocin Amurka. Akwai wata manhaja da ake amfani da ita wajen zaɓen marasa lafiyar da za a ba kulawa ta musamman. Waɗanda suka gina ta suna so su san wa ya fi jin jiki, sai suka auna wa aka fi kashe wa kuɗin magani, domin shi ne lissafin da ke hannunsu. Amma baƙaƙen fata a can, saboda talauci da wahalar kaiwa ga likita, ba a kashe musu abin da ake kashe wa farare ko da ciwon ɗaya ne. Sai injin ya ɗauka sun fi lafiya. Ziad Obermeyer da abokan bincikensa suka bankaɗo wannan a mujallar Science a 2019, suka nuna in aka gyara, rabon baƙaƙe cikin masu samun kulawar zai tashi daga kashi 17.7 zuwa kashi 46.5 cikin ɗari. Naku ke nan sak. Kuna so ku san wa zai biya bashi, sai kuka auna wa ke samun alat. Hajiyar da ke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a ɗaka, ta shekara ashirin tana zubin adashe ba ta taɓa tsallake rana ba, a wurin injinku kamar ba ta duniya.

To ina aka samu tangarɗa? Tuwon da kika kawo mai kyau ne, kwanon da kika zubo shi ne bai dace da wurin ba. Kin ce “ba adalci,” a gaban yaransa, saura wata ɗaya baƙi su zo duba aiki. Abin da ya shiga kunnen oga shi ne “kai azzalumi ne.” Haƙƙi da alhaki kalmomi ne masu nauyi a wurinmu, duk wanda aka jefa da su sai ya nemi garkuwa, dariya kuwa ita ce garkuwar da ta fi araha. Ba ina wanke wanda ya sa miki suna ba ne, shi rashin tarbiyya ya nuna. Amma ke gyara kike nema, ba a ce kin yi gaskiya kawai ba.

Dubi yadda Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, suka yi a 2018. An daɗe ana ƙorafin cewa manhajojin tantance fuska ba sa gane baƙin mutum sosai, kamfanoni suna ta nuna jimillar makinsu mai kyau. Su sai suka tara hotunan 'yan majalisa 1,270 daga Ruwanda, Senegal da Afirka ta Kudu, da kuma ƙasashe uku na arewacin Turai, suka gwada manhajojin IBM, Microsoft da Face++, suka raba sakamakon gida-gida. Wajen gane namiji ne ko mace, kuskure a kan maza masu hasken fata bai wuce kashi 0.8 ba, a kan mata baƙaƙe ya kai kashi 34.7. Wa zai kira wannan wa'azi? Cikin watanni kamfanonin suka fito da gyara.

Haka za ki yi. Kamfaninku ai yana da littafin bashi tun kafin injin. Ɗauko sunayen waɗanda wakilanku suka riƙa ba kaya da hannu, ki zuba wa injin, ki raba maza daban mata daban, masu shago daban masu sana'ar gida daban. Ki ƙirga mata nawa ne suka biya kan kari amma injin zai hana su, kuma cinikin nawa kamfani zai rasa a kansu. Shafi ɗaya ya isa. Ki nuna wa mutum ɗaya cikin abokan aikin, wanda kika ga bai yi dariya sosai ba ranar (kullum akwai irinsa), ya duba miki lissafin. Sannan ki nemi oga shi kaɗai, ba a taro ba, ki ce, “Ranka ya daɗe, na ga wani abu da nake tsoron masu zuba jari su riga mu gani.” Ki zo da maganin tare da ciwon: a sa tarihin biyan bashi ya fi alat nauyi, a karɓi shaidar wakili ko uwar adashe, a fara ba sabuwar shiga kaya kaɗan a ƙara mata in ta biya, kuma duk wanda injin ya hana, mutum ya sake dubawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai ki nuna masa gyaran kike nufi.

Kada in yaudare ki: ba kowane zalunci ne lissafi ke tonawa ba, wani ma riba yake kawowa. Batun kwashe lambobin waya irinsa ne. Tozarta mutum a wurin surukansa da limamin unguwarsu yana sa ya biya bashi, shi ya sa ake yi. A nan ba lissafi za ki kai ba, doka za ki kai. Mutanen da ke cikin wayar mai neman kaya ba su ci bashi ba, ba kuma wanda ya nemi izininsu. Mun ga yadda manhajojin rance suka riƙa aika wa dangin mutane saƙon ɓata suna, har hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022. A 2023 Google ya hana manhajojin bayar da rance da ke shagonsa leƙa lambobin waya da hotunan mutane. A watan Yunin shekarar aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta ce in aiki na iya jefa mutane cikin babban haɗari sai an fara auna illarsa, ta kuma ba mutum damar ya nemi ɗan Adam ya duba hukuncin da inji kaɗai ya yanke masa. Wannan ki rubuta wa oga ta imel, cikin ladabi, gajere, ki ba da shawarar a tuntuɓi lauya. Ki ajiye kwafi.

Abu na ƙarshe da za ki roƙa shi ne wanda zai cire miki sunan Ustaziya. Muddin ke kaɗai ce mai tada irin wannan magana, to ta zama halinki, ba aikin sashe ba. Ki ba da shawarar a ware rabin sa'a kafin a nuna wa baƙi aikin, a yi abin da masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya bayyana a 2007: a ɗauka an yi shekara da sakin manhajar, ta jawo wa kamfani abin kunya har gidajen rediyo sun ɗauka, kowa ya rubuta a takarda abin da yake ganin ya jawo hakan. Za ki sha mamakin abin da masu dariyar nan za su rubuta, da zarar faɗin aibi ya zama aikin da oga ya sa, ba tsaurin ido ba.

Shin lallai a saurare ki? A'a. Ita kanta Timnit Gebru, tana cikin shugabannin sashen ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira a Google, a Disambar 2020 ta rabu da kamfanin kan wata takardar bincike da aka nemi ta janye. Ita ta ce korarta aka yi, su suka ce murabus ta yi. Bayan wata biyu aka sallami abokiyar aikinta Margaret Mitchell. In an yi wa manya haka, ke ma ki san inda kika taka. In bayan duk wannan aka ce lallai ke za ki rubuta sashen kwashe lambobin a ɓoye, ki nemi a canza miki aiki, ki fara neman wani wurin a hankali. Amma kada ki saki reshe ki kama ganye, akwai yara biyu a makaranta.

TAMBAYA

Salam Malam. Ni ne shugaban wasu matasa shida da muke gina manhajar da za ta riƙa jin Hausa ta baki tana ba manoma amsa. Duk ƙarshen taro sai na ce, “Akwai mai magana?” Ba mai cewa uffan. Kwanan nan na ji a bakin direbanmu wai yaran suna gunaguni cewa wasu muryoyin da muke horar da injin da su daga zaurukan WhatsApp aka kwaso ba da sanin masu su ba, kuma masu rubuta mana muryoyin ba a biyansu da kyau. Wallahi raina ya ɓaci, don ni ba na hana kowa magana. Ina tunanin kafa kwamitin ɗa'a. Me ka gani?

Wani mai karatu daga Kano

AMSA

Ɗan'uwa, da gangan na haɗa wasiƙarka da ta sama, don kai ne ɗaya ɓangaren teburin. Kuma tambayarka ita ce ta tsohon shugabana: me ya sa ba wanda ya faɗa mini? Tunda direba ya ji kai ba ka ji ba, ai an faɗa, wurin faɗin ne ba ofishinka ba.

Mu an raine mu da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. A zaman gida wannan magana tana da gurbinta. A aikinku kuwa yaron ne yake kwana da bayanan, shi ya saurari muryoyin, shi ya san inda aka samo su. Kai rahoto kake gani. Kuma wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Ranar 27 ga Maris, 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife, cikin hazo, jirgin KLM ya fara gudun tashi alhali na Pan Am yana kan titin. Injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗayan ya kauce, kyaftin ɗin, wanda shi ne babban mai horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce. Ba a sake maimaita tambayar ba. Mutum 583 suka mutu. Bayan wannan da irinsa ne kamfanonin jiragen sama suka fara koya wa ƙananan matuƙa yadda ake ja da kyaftin, suka kuma koya wa kyaftin yadda ake saurare. Ba su bar abin ga ƙarfin halin yaro ba, sun mai da shi darasi da ƙa'ida.

Kwamiti ga mutum bakwai? Su wa za su zauna a ciki, in ba su waɗannan da suka yi shiru ba? Google ma da girmansa ya kafa majalisar ba da shawara kan ɗa'a ta mutanen waje a ƙarshen Maris na 2019, ba ta cika kwana goma ba aka rusa ta. Abin da kake bukata ya fi kwamiti araha, ya kuma fi shi wuya, domin halinka na taro za ka canza. “Akwai mai magana?” bayan ka gama faɗin ra'ayinka, kowane Bahaushe ya san ma'anarta a tashi. Ka riƙa yin magana a ƙarshe. Ka fara da mafi ƙanƙanta, ka kira sunansa, ka yi masa tambayar da “babu” ba za ta amsa ba: in manhajar nan ta cuci wani, wane ne, kuma ta yaya? Kowane mako ka ɗora wa mutum ɗaya aikin sukar shirin, a riƙa karɓa-karɓa, don kada a samu wanda za a laƙaba wa suna. Wani lokaci ka kira masu rubuta muryoyin su zauna a taron, ka ga ko lissafin albashinsu zai faɗu a gabansu.

Ka kuma shirya jin abin da ba ka so. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard, a shekarun 1990, ta yi nazarin ma'aikatan jinya a asibitoci, ta tarar rukunonin da suka fi shugabanci nagari su suka fi yawan rahoton kuskuren magani. Da ta bincika, ashe ba sun fi yin kuskure ba ne, sun fi faɗa ne. Don haka in ƙorafi ya ƙaru a wata biyu masu zuwa, kada ka ce yaran sun lalace. Su kuwa ba kalamanka za su duba ba, za su zuba ido su ga abin da zai sami mutum na farko da ya kawo maka mummunan labari, da kuma ko labarin ya canza wani abu.

Ga dama ta zo maka a sama. Kada ka nemi wanda ya gaya wa direba, kada ma ka ambaci direban. Taro mai zuwa ka ce kai ne ka yi sakaci ba ka tambayi asalin muryoyin ba. Ku buɗe takarda ku rubuta kowane rukunin murya: daga ina, wa ya naɗa, mai ita ya yarda ko bai yarda ba, nawa aka biya. Duk wadda ba izini a ware ta, ko da injin zai ɗan ja baya. Sautin da mata suka tura wa juna a zauren biki ko na islamiyya amana ce, ba kayan tsintuwa ba. Kuna cikin wannan aikin, ka ƙirga mini muryoyin Sakkwatawa, Katsinawa da Damagarawa nawa ne a ciki, da na mata nawa, ka rubuto mini. Ina da ƙanin uba a Gwadabawa, manomin albasa, zan so in san ko injin naku zai gane shi.